Kwata ko kogi? Yadda mutanen Los Angeles suka ƙwato ruwan garinsu da kwalekwale da buhun shara

Duk wanda ya saba kallon finafinan Amurka ya taɓa ganin wurin, ko da bai san sunansa ba. Wani makeken lambatu ne na kankare, gefensa a jirkice, ana nuna motoci suna tsere a cikinsa, ga ɗan siririn ruwa yana bin tsakiya kamar an zubar da ruwan wanki. Kogin Los Angeles ke nan, a jihar Kalifoniya. Tsawonsa kilomita 82, daga unguwar Canoga Park har inda ya faɗa teku a Long Beach. Shekaru da dama da yawa daga mutanen birnin suna tsallake shi ta gada safe da yamma ba su san kogi ne ba. A takardun hukuma ma sunansa magudanar hana ambaliya.

Yau ana shiga wasu sassansa da kwalekwale, ana kamun kifi, ana hawan keke a gefensa, kuma dubban mutane na fitowa kwashe masa shara duk shekara. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda abubuwan suka biyo juna. A irin wannan aiki mun saba jin gwamnati ta ware kuɗi, ta ba da kwangila, ta yanke kyalle, sannan jama'a su zo kallo. A Los Angeles jama'a ne suka riga shiga ruwan, doka ta biyo su, kuɗi ya zo daga baya, kuma har yanzu bai gama zuwa ba.

Sai an fahimci halin kogin kafin a gane dalilin da ya sa aka ɗaure shi. Halinsa irin na kogunanmu ne na Arewa: yawancin shekara ɗan ruwa ne da rairayi, sai lokacin ruwan sama, wanda a can yake faɗowa cikin watannin sanyi, ya zama wani abu dabam. Duwatsu ne suka kewaye birnin, don haka ruwa na gangarowa da gudu cikin 'yan sa'o'i. 'Yan asalin yankin, ƙabilar Tongva, a bakinsa suka zauna tun kafin zuwan Turawa, kuma saboda ruwansa ne aka kafa garin a 1781, aka haƙa masa hanya zuwa gidaje da gonaki. Kogin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A ambaliyar 1825 ya bar tsohuwar hanyarsa ta yamma gaba ɗaya ya karkata kudu.

Abu biyu ne suka raba shi da mutanensa. Na farko a 1913, lokacin da injiniya William Mulholland ya kammala doguwar hanyar da ta jawo ruwa daga kwarin Owens, ɗaruruwan kilomitoci daga birnin. Tun daga nan garin ya daina kallon kogin a matsayin uwar da ke shayar da shi. Aka yi ta gina gidaje da masana'antu da layin dogo har cikin fadamarsa. Na biyu shi ne ambaliyar watan Maris na 1938, wadda ta kashe mutum fiye da 100 a yankin, ta karya gadoji, ta share gidaje. An riga an sha irinta a 1914 da 1934, haƙuri ya ƙare. Aka miƙa aikin ga sashen injiniyoyin rundunar sojan Amurka, waɗanda su ke kula da manyan ayyukan ruwa a ƙasar. Suka miƙar da kogin, suka zurfafa shi, suka malala masa kankare a ƙasa da gefe, aka gama wajen 1960. Aka sa shingen waya, aka hana shiga.

A yi wa injiniyoyin adalci: abin da aka sa su suka yi, kuma ya yi aiki. An ce su fitar da ruwa daga gari zuwa teku cikin gaggawa, sun fitar. Miliyoyin mutane na barci a wuraren da a da ruwa ke ci. Duk wanda zai yi maganar fasa kankaren dole ya fara da wannan. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da gidaje suka juya wa kogin baya, sai ya zama bayan gari a tsakiyar gari, inda ake jefa tsohuwar katifa da tayar mota da keken kanti. Abin ya kai a 1989 wani ɗan majalisar jiha, Richard Katz, ya kawo shawarar a mayar da cikinsa titin motoci a lokacin rani, tunda dai a ganinsa fili ne shimfiɗaɗɗe da ke zaune a banza.

Wanda ya fara juya akalar ba injiniya ba ne, marubucin waƙoƙi ne mai suna Lewis MacAdams. A tsakiyar shekarun 1980 shi da 'yan abokansa suka ɗauki almakashin yanka waya suka huda shingen, suka gangara cikin kogin. Yakan ba da labarin cewa sun nemi izinin kogin su yi magana da yawunsa a cikin mutane, kuma ba su ji ya ce a'a ba. Haka aka haifi ƙungiyar Abokan Kogin Los Angeles a 1986. Mutane suka ɗauke shi mai taɓin hankali, shi kuwa ya ce aikin fasaha ne ya fara, wanda zai ci shekara arba'in.

Yaƙinsa na farko a kan kalma ɗaya ne. A wani taron jin ra'ayin jama'a, duk lokacin da wani babban jami'in ayyuka ya ce "magudanar hana ambaliya", sai MacAdams ya katse shi ya ce "kogi". Suka yi ta yi har muryoyi suka tashi. Mai kallo zai ce gardamar yara ce. Amma suna shi ke yanke wa wuri hukunci. Idan kwata ce, ba wanda zai ji kunyar zuba mata shara, kuma ba mai tambayar hukuma dalilin tura katafila ta share itatuwan da suka tsiro a ciki. Idan kogi ne, yana da haƙƙi a kan mutane, su ma suna da haƙƙi a kansa.

Sai kuma aikin gayya. Daga 1989 ƙungiyar ta fara kiran jama'a kwashe shara sau ɗaya a shekara, da sunan Sifaniyanci La Gran Limpieza, wato babbar shara, domin yawancin mazauna bakin kogin 'yan asalin Meziko ne da sauran ƙasashen Latin Amurka. Karon farko 'yan tsiraru ne suka zo. Daga baya aka koma dubbai, ana fitar da tan-tan na leda da ƙarafa. Ni dai a ganina ba sharar ce babbar ribar ba, don ruwan sama na gaba zai sake kawo wata daga titunan birni. Ribar ita ce mutumin da ya sa safar hannu ya gangara, ya ga zalɓe tsaye a ruwa, ya ga agwagin daji da 'ya'yanta, ya ji sanyin inuwa a wurin da aka ce masa kwata ce. Gani ya kori ji. Wannan mutumin shi zai je taron majalisar birni wata shida baya, ya ɗaga hannu.

Akwai abin da ya taimaka musu wanda ba su suka yi shi ba. A wurare uku ba a iya malala kankare a ƙasan kogin ba, ko ba a ga buƙatar yi ba: tafkin tare ambaliya na Sepulveda, da bakin teku a Long Beach, da wani yanki da ake kira Glendale Narrows, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa da sama har zai iya tura kankaren ya fasa. A nan ciyayi da itatuwa suka tsiro, tsuntsaye suka dawo, kifi ya samu wurin zama, har da karfasa irin wadda muka sani. Su ne tagogin da aka leƙa aka ga yadda sauran kogin zai iya zama.

Yanzu ga inda wasa ya zama shari'a, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Amurka na da Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972, wadda ke kare ruwan da jirgi ke iya bi, tare da rafukan da ke zuba a cikinsa. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci, shari'ar Rapanos, da ya jefa ruɗani kan wane ƙaramin rafi ne dokar ta shafa. Daga nan sai an nuna cewa rafi na da alaƙa ta zahiri da wani ruwan da jirgi ke bi kafin ya samu kariya. A 2008 injiniyoyin soja suka fitar da matsayarsu: guntaye biyu ne kawai na Kogin Los Angeles suka cika sharaɗin, tsawonsu duka bai kai kilomita 7 ba. Ma'anar haka ita ce rafukan da ke gangarowa daga duwatsu, a yanki mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,000, za su iya rasa kariya, mai gini ya cike su, mai masana'anta ya zuba musu abin da ya ga dama.

To yaya ake tabbatar da cewa jirgi na iya bin kogi? A bi shi da jirgi. Cikin watan Yulin 2008 wani marubuci, George Wolfe, ya jagoranci wasu mutane kimanin goma sha biyu cikin ƙananan kwalekwale na mutum ɗaya, suka yi kwana uku suna tuƙi daga farkon kogin har teku, duk da hukuma ba ta ba su izinin tuƙi a ciki ba. Inda ruwa ya yi ƙaranci suka sauka suka ja. Cikin waɗanda suka shiga har da Heather Wylie, masaniyar halittu da ke aiki da su injiniyoyin sojan, wadda ba ta yarda da matsayar ofishinta ba. An yi mata barazanar dakatarwa, daga baya ta bar aikin. Aka tattara hotuna da bayanan tafiyar aka miƙa wa Hukumar Kare Muhalli ta tarayya. A watan Yulin 2010 shugabar hukumar, Lisa Jackson, ta zo da kanta ta bayyana cewa kogin gaba ɗayansa ruwa ne da jirgi ke bi.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2011 aka gwada shirin tuƙin kwalekwale da jagora a Sepulveda, tikiti ya ƙare nan take. A 2012 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu kan dokar jiha da ta tilasta wa hukumar ambaliya ta yankin ta riƙa la'akari da shigar jama'a don shaƙatawa da ilimi. A 2013 aka buɗe wani yanki mai tsawon kilomita 4 a unguwar Elysian Valley, kowa na iya zuwa ya yi tuƙi, ya jefa fatsa, ya yi yawo. Ana buɗewa daga ƙarshen watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ba a ruwan sama, ƙarƙashin kulawar masu gadin wuraren shaƙatawa. Ba a yarda da iyo ba. Ana gwada ruwan a kai a kai, kuma ƙungiyar Heal the Bay na wallafa sakamakon ƙwayoyin cuta don kowa ya gani kafin ya fito daga gida. Da hadari ya haɗu, kowa ya fita, saboda ruwa mai gudu a kan kankare ba ya barin ko gwanin iyo ya kama wani abu.

Sai da mutane suka cika bakin ruwa sannan manyan kuɗi suka motsa. Majalisar birni ta amince da babban tsarin farfaɗo da kogin a 2007. Injiniyoyin soja, waɗanda su suka zuba kankaren, suka zo da shirin gyara kilomita 18 daga gandun Griffith zuwa tsakiyar birni. Sun fi son ƙaramin shiri na ƙasa da dala miliyan 500, amma matsin lambar jama'a da magajin gari Eric Garcetti ya sa a 2014 suka koma kan babban, mai cin dala biliyan ɗaya ko fiye. A 2017 birnin ya sayi wani fili na kusan hekta 17 a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Taylor Yard kan kusan dala miliyan 60. Ƙasar wurin gurɓatacciya ce da man jirgi da ƙarafa masu guba, sai an tsaftace ta tukuna. Aikin na tafiyar hawainiya, kuma mafi yawan kankaren yana nan inda yake.

Akwai wani sirri da ba kowane mai tuƙin kwalekwale ke son tunawa ba. Ruwan da yake tuƙi a kai a lokacin rani, yawancinsa ruwan bayan gida ne da na wanka da aka tace. Matatar Tillman da aka buɗe a 1985 a Van Nuys, da wasu biyu a Burbank da kusa da Glendale, su ke sako shi cikin kogin dare da rana. Wato kogin da ake cewa an dawo da shi bai taɓa gudana haka a tarihinsa ba, birnin ne ya ƙirƙiro masa ruwan rani. Ga shi kuma Kalifoniya ƙasar fari ce. A 2019 Garcetti ya sanar da burin sake amfani da dukkan ruwan ƙazantar birnin nan da 2035. Kowane bokitin da aka mayar famfo ko ƙarƙashin ƙasa, an rage shi ne daga rabon kifi da tsuntsu da kwalekwale. Masu kare muhalli ne a ɓangarorin biyu, kuma kowanne na da gaskiyarsa. Ban ga yadda za a raba wannan gardama ba tare da kowa ya rasa wani abu ba.

Matsalar da ta fi ci mini rai ita ce ta gidaje. Elysian Valley, wadda ake wa laƙabi da garin kwaɗi saboda yadda kwaɗi ke fitowa daga kogin su cika tituna a da, unguwar ma'aikata ce masu ƙaramin ƙarfi, matse tsakanin babban titi da ruwa. Sun zauna a nan lokacin da ba wanda ke son wurin. Da aka ji za a zuba dala biliyan, masu kuɗi suka fara sayen tsofaffin ɗakunan ajiya da gidaje, shagunan shan gahawa suka buɗe, kuɗin haya ya tashi. Iyalan da suka sha warin kogin shekara hamsin, 'ya'yansu suka kwashe masa shara, su ne ke tattara kaya yanzu da ya fara kyau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka kuma marasa matsuguni da ke kwana a tantuna a gefen kogin, su ne kan fara gamuwa da kora duk lokacin da aka ce za a gyara wuri, su ne kuma ruwa kan fara ci idan ya taso.

A sashen kogin da ya doshi teku kuwa, garuruwa irin su Maywood, Cudahy, South Gate da Paramount, talakawa sun fi yawa, wuraren shaƙatawa sun fi ƙaranci, ga babban titin manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa yana bin gefen kogin da hayaƙinsa. A nan gidaje sun matso har bakin katanga, ba sararin da za a faɗaɗa wa ruwa hanya sai an tashi mutane. Shi ya sa shahararren mai zanen gine-gine Frank Gehry, da aka jawo cikin aikin, ya ce a bar kankaren, a gina lambuna a kan rufin da za a ɗora bisa kogin a wasu wurare. Da hukumar yankin ta amince da sabon tsari a 2022, ƙungiyar da MacAdams ya kafa da wasu ƙawayenta suka janye goyon bayansu, suna cewa ƙarin kankare ne aka sa wa koren riga. Su kuma wasu mazauna yankin cewa suke yi, yaro na buƙatar filin wasa bana, ba sai bayan shekara talatin ba. MacAdams bai ga wannan zagayen ba, ya rasu a 2020, shekara shida kafin cikar arba'in ɗin da ya ɗiba. Akwai wurin shaƙatawa a bakin kogin da ke ɗauke da sunansa.

Mai karatu daga Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Jakara ta ratsa tsakiyar birni, a gefenta Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kuma tsofaffin labaran Kano sun ambaci kurmin baƙin ruwa da ke wurin, wanda mutanen farko ke girmamawa. Yau idan ka ce wa yaro Jakara, kwata yake gani a ransa. An yi mata kankare, a gaba ta haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta tafi madatsar da ke wajen Wasai, manoman lambu na ban ruwa da ita a hanya. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe ta a shimfiɗa titi a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju. Wanda ya zauna da wari da sauro da ambaliyar wurin ba zai ga laifin mai son rufewa ba, kamar yadda mutanen Los Angeles na 1938 ba su ga laifin kankare ba. Sai dai abin da aka rufe, ba mai sake ganin halin da yake ciki, balle ya yi magana da yawunsa.

Kuma ba sai mun je Kalifoniya koyon cewa wasa a ruwa na iya tsare ruwa ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba a barin kowa ya yi su a Matan Fada yadda ya ga dama. Akwai Sarkin Ruwa, akwai lokacin da aka hana, akwai ranar da ake buɗewa dubban masunta su faɗa da homa da gora. Biki ne, amma shi ya sa kogin ke da masu shi. Abin da Los Angeles ta rasa ke nan a 1938, ta ɗauki shekaru da dama tana ƙoƙarin ƙirƙiro shi da ƙungiya da tikiti da dokar majalisa. Kaduna na da kogi mai ruwa duk shekara a tsakiyarta, da lambun Gamji a bakinsa, da tsohuwar gadar Lugard da aka kawo daga Zungeru. Yamai na da Kwara. Tambayar da zan yi a waɗannan garuruwa ita ce wadda 'yan kwalekwalen 2008 suka yi da jikinsu: ta ina talaka zai gangara bakin ruwa da 'ya'yansa da yamma, ba tare da ya tsallake bola ko katangar wani ba?

A Los Angeles amsar a yanzu ita ce 'yan ƙofofi a jikin shingen waya, wasu an yi musu ado da ƙarfe mai siffar zalɓe. Akwai hanyar keke da ke bin gefen kogin a wasu sassa, ta yanke a tsakiyar birni inda layin dogo ya tare, kuma tun 2016 masu zaɓe suka amince da harajin sufuri da ya ware kuɗin haɗe wannan giɓi na kusan kilomita 13. A 2022 aka buɗe gadar masu ƙafa da keke a Taylor Yard, wadda ta haɗa Elysian Valley da unguwar Cypress Park. Birnin zai karɓi gasar Olamfik a 2028, kuma masu fafutukar kogin sun daɗe suna kafa wa hukumomi wannan shekarar a matsayin wa'adi. Kifin da MacAdams ya ce sai ya dawo sannan aikinsu zai cika, wani nau'i ne mai tasowa daga teku ya hau kogi don yin ƙwai. An kama na ƙarshe da aka tabbatar a kogin a 1940.